Ajiyar Sahura a Tsibiri

Ku matso kusa, ku rage murya. Abin da zan faɗa muku Anti Sahura ya samu, malamar asibitin nan da ke bayan layinmu.

Mijinta Lawandi ya rasu a hatsarin mota a hanyar Zariya. Ta yi takaba ta fita, kuka bai fita daga gare ta ba. Tana tuƙa tuwo tana kuka, tana yi wa mara lafiya allura hawaye na ɗiga. Ƙanenta Sagiru, mai aiki a kamfanin shirya tafiye-tafiye, ya ce dole ta canja iska. Aka kai yaranta gidan kakarsu, ya yankar mata tikiti zuwa wani tsibiri can cikin tekun gabashin Afirka.

Daga jirgin sama ta shiga wani ƙarami, daga shi sai kwale-kwale mai inji, har ƙasa ta ɓace mata. Masaukin bukkoki ne na ganyen kwakwa. Ba janareta, sai wutar sola. Ruwan sama suke tarawa a sha. Tun a bakin ruwa aka karɓe ledoji da robobin da ta zo da su, aka ba ta gora ta ƙarfe. Da safe baƙi kan fita su taya ma'aikata tsince sharar da teku ya kawo. Ita dai tana zaune a ƙofar bukkarta.

Matar da ke kula da wurin, Mama Zuhura, ta zaga da ita ko'ina. Da suka kai wata siririyar hanya da aka tare da igiya, sai ta ce mata da Turanci ba a bin nan, kunkurun teku ne ke saka ƙwai a can. Tana maganar ba ta kalli hanyar ba.

Wata rana tsaka, kowa ya shige inuwa, kukan ya taso wa Sahura. Ba ta so a ji ta. Ta ɗaga igiyar ta wuce.

Hanyar ta ɓulle a wata gaɓa mai farin yashi. Ba tsuntsu. Ba ƙaguwa ko ɗaya. Wata tsohuwa ce kawai tsaye a bakin ruwa, da zane a ƙirji, da kwando a hannu.

"Sannu da rana, Sahura."

Da Hausa. Hausar Kano tsantsa, a wurin da ba wanda ya san ko "sannu". Kuma bakin tsohuwar ya gama motsi kafin muryar ta iso, kamar waya idan sabis ya yi rauni.

Sahura ta amsa, don an yi mata tarbiyya. Igiyar ruwa ta zo ta jiƙa mata ƙafa har idon sawu. Ta duba ƙasa. Ruwan ya rabu biyu ya kewaye ƙafafun tsohuwar. Yashin da take kai busasshe ne ƙamas.

Ta gani. Ta kuma gane. Ko a'uzubillahi ba ta yi ba, gajiyar da ke jikinta ta fi ƙarfin tsoro.

Tsohuwar ta ce tun daga nesa take jiyo kukanta, kayan sun yi mata nauyi. Ta miƙo kwandon.

"Kawo in ajiye miki, 'yar nan."

"Duka, Iya?"

"Ba a rabawa."

Sahura ta gyaɗa kai. Tsohuwar ta ɗora mata tafin hannu a ƙirji, sanyi ƙalau. Wani abu ya zare a hankali, kamar ana jan zare daga tsohon zane. Shi ke nan. Hawayen suka bushe. Tsohuwar ta ciro wata 'yar katantanwar teku daga kwandon ta sa mata a hannu, ta ce duk ranar da take son ajiyarta ta dawo, amma ita kaɗai.

Da ta koma masauki ta ci abinci ta cinye, ta yi barci har asuba. Mama Zuhura ta ga katantanwar a kan tabarma, ta zauna a ƙasa. Daga baya ta gaya mata gaskiya: kunkuru bai taɓa hawa wannan gaɓar ba. Waɗanda suka karɓi irin wannan kyauta suna nan da ransu. Waɗanda suka koma karɓar ajiya ne ba a sake gani ba.

A gida aka yi ta murna, Sahura ta warke. Ta yi ƙiba, ta koma aiki. Sai a hankali aka fara lura. Ta daina kuka, ta kuma daina dariya. A ambaci Lawandi, kamar an ambaci sunan titi.

Ranar da autanta Ɗahiru ya faɗo daga katanga ya karye a hannu, ita ta ɗaure masa da kanta, tsaf-tsaf. Yaron ya kalle ta cikin hawaye.

"Umma, ba ki ji tausayina ba?"

Ta lalubi amsa a cikinta, ta tarar da wurin fayau. Ta shiga ɗaki ta kara katantanwar a kunne. Muryarta ce a ciki, tana kuka, tana kiran sunan yaron. Ta tsaya tana saurare kamar rediyon maƙwabta.

An kai ta wurin malamai, an yi ruƙiyya, ko gezau. Wani dattijo a cikinsu ya rufe littafinsa ya ce wa Sagiru ba shigar ta aka yi ba, fita aka yi da wani abu nata.

Bara ta nemi Sagiru ya sake yankar mata tikiti zuwa tsibirin. Ya ɗauke fasfonta ya ɓoye. Ko haushi ba ta ji ba. Duk Juma'a takan tambaye shi, da murya ɗaya, ya ce a'a, ta ce to.

Don haka in Allah ya kai ɗayanku irin waɗannan wurare, kuka ga an tare hanya da igiya, ku bar ta a tare. In kuwa baƙin ciki ne ya kore ku daga cikin mutane, ku ja hannun wani ku tafi tare, ya ji kukan naku. Ku tashi ku yi addu'a, a kwanta.