Babin da Aka Manne

Ranar da Tela ya fara ganinta, jininsa na zagayawa cikin injin wankin ƙoda, shi kuwa ya kafa wa silin ido kamar shi ya jawo masa. Wata biyu ke nan da likita ya gaya masa ƙodojinsa sun gaza. Sau uku a mako zai riƙa zuwa, awa huɗu-huɗu. Tun ranar bai ƙara yi wa kowa fara'a ba.

Wata budurwa ce ta turo ɗan kekenta na littattafai ta tsaya a gefensa. Aikinta ke nan a asibitin, ta zaɓa wa majinyaci abin da zai karanta ya fahimci cutarsa, ta dawo su tattauna.

"Gado na bakwai, ga naka."

"Littafi ne zai wanke min jini, Malama?"

"A'a. Amma silin ɗin nan zai huta da harara."

Wani malamin makaranta ne ya rubuta littafin, bayan shekara tara a kan irin wannan inji. Ya faɗi yadda ƙishirwa ke gasa shi an hana shi ruwa, da yadda abokai suka janye ɗaya bayan ɗaya. Tela ya ga kansa a ciki har ya ji kunya. Babin ƙarshe kuwa an manne shi da tef. Ta ce ƙa'idarta ce, sabon majinyaci ba ya buɗe shi sai ta ga ya shirya.

Kafin wata huɗu ya koyi auna ruwan sha, ya daina yi wa likita ƙarya kan gishiri. Ya kuma faɗa sonta, har bai iya ɓoyewa ba.

"Malamata, yau kofi biyu kawai na sha. Na cancanci kira ko?" Haka ya rubuta mata.

"Bakwai ɗina, ka cancanci minti biyar. Zaƙin bakin nan ma a rage shi."

Ranar da ya je gaida iyayenta, yana zaune a falo ya jiyo muryar mahaifiyarta ta bayan labule, ba ta ko sassauta ba.

"Duk lafiyayyun duniya ba ki ga ko ɗaya ba? Shekara shida na yi ina jinyar uwata. Ban haife ki don ki ɗora daga inda na tsaya ba."

Kada kowa ya zagi matar nan. Abin da ta gani ta faɗa, tausayi ne kawai ba ta sa ba.

Tela ya koma shago ya ɗauki almakashi ya yanke tef ɗin. Ashe matar malamin ce ta rubuta babin, bayan an binne shi. Shafi ɗaya ya karanta ya jefar da littafin kan keken ɗinki, ya ɗauki waya ya kira Malamarsa.

"Kin san ƙarshensa kika rufe min. Ba zan bari ki rubuta irin wannan babin ba. Ki bi maganar Umma."

"Ka karanta duka, ko shafin farko kawai?"

Ya kashe wayar. Yana ganin sadaukarwa ya yi, alhali tsoro ne kawai. Ya ƙi zuwa wanki sau biyu, ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya gagara, sai ɗauko shi maƙwabta suka yi zuwa asibiti.

Yana kan inji wani dattijo ya ja kujera ya zauna. Mahaifinta ne, tsohon direban babbar mota, da wani kwafin littafin a hannu.

"Kai ne mai sa min 'ya kuka? Karanta min babin nan, idona ya yi rauni. Kada ka tsallake ko layi."

Tela ya karanta. Matar malamin ta ce ba ta nadamar shekara taran. Shekara guda ce ba ta yafe ba, wadda mijin ya yi yana korarta wai yana tausaya mata, bai taɓa tambayarta abin da take so ba.

Dattijon ya miƙe. "Shekara talatin ina kan hanya, ban taɓa fita da tabbacin dawowa ba, uwarta kuma ta aure ni a haka. Na ba ka. Amma ka ƙara tsallake wanki, ni da kai ne."

"In sha Allah ba zan ƙara ba, Baba."

Malamar tana tsaye a bakin ƙofa, ido jajur.

"Malamata, ki yafe min. Za ki aure ni?"

"Sai yau ka ga damar tambaya, Bakwai? Zan aure ka."

An ɗaura aure a ranar da ba shi da wanki. Mahaifiyarta ba ta yi murmushi ba ko sau ɗaya. Da suka durƙusa gabanta ta daɗe tana kallon tabon allura a hannunsa, sannan ta dafa kan 'yarta.

"Allah ya ba ki ƙarfin abin da kika ɗauka. Kai kuma, Allah ya ja kwananka, kada ka bar min ita da wuri."

"Amin, Umma," in ji Tela, ya riga kowa faɗa.