Kututturen Ayabar Bukuru

Da la'asar na shiga jirgin ruwan da ke tashi daga Kigoma zuwa kudancin tafki, da hoton mijina a ƙulle a bakin zani. Tafiyata ta huɗu ke nan.

Wata bakwai kafin nan mijina Bukuru ya fita kamun dagaa, ƙananan kifin nan da muke shanyawa a yashi. An tsinci kwale-kwalensa a kife, shi kuwa ko takalminsa ba a gani ba. A wurinmu, in ruwa ya ƙi mayar da gawa, kututturen ayaba ake sarewa daidai tsawon mutum, a yi masa sutura, a binne a madadinsa. Yayyensa sun zo da adda. Na tsaya a bakin gona na ce duk wanda ya taɓa ayabar nan sai dai ya fara da ni. Ni mijina bai mutu ba. Na bar 'yarmu Siwema wurin kakarta, na kama bin tashoshi ina nuna hoto.

Bibi Nyamizi, wata tsohuwa mai fataucin busasshen kifi, ta saba da ni a jirgin. Tana ganina ta matsa mini a kan buhunta.

"Maman Siwema, kin sake dawowa? Hoton nan ya fi kyaftin sanin hanya."

"Bibi, a Kipili wani ya ce ya ga mai kama da shi."

"Kowane namiji baƙi mai giɓi kama yake da shi, 'yata. Ungo rogo ki ci."

Yawancin garuruwan bakin tafkin ba su da matsayar jirgi. Jirgi kan tsaya can nesa, ya busa ƙaho, kwale-kwale su yo kansa da fasinja da buhuna, kowa na ihun sunan ƙauyensu. Akwai doka ɗaya da ko jaririn goye ya sani: kwale-kwalen da ya zo shiru, ba a jefa masa igiya.

Rana ta biyu, gab da magariba, muka tsaya tsakanin Ikola da Karema. Kowa ya koma gefen gaɓa, inda ake lodi. Ni na zagaya ɗaya gefen, wajen ƙaramar ƙofar da ke kusa da ruwa, don in yi kukana ba mai kallo.

Ihun mutane ya yi nisa, kamar an toshe mini kunne da auduga. Warin man inji ya ɗauke. Sai warin laka, da na kananzir ɗin fitilar masunta.

Wani kwale-kwale ya taho daga tsakiyar tafki. Ina ganin filafili na shiga ruwa yana fita, amma babu sauti.

Na san wannan tuƙin. Sau biyu a dama, sau ɗaya a hagu, saboda kafaɗar Bukuru da ta taɓa gocewa.

Na san doka. Wallahi na sani. Na ɗauki igiya na jefa.

Ya cafe. Rigarsa ce, mai ruwan toka, da facin da na yi da hannuna. Ruwa na zuba daga gashinsa ba ya tsayawa.

"Baban Siwema," na ce. Muryata ba ta fi numfashi ba.

"Na gaji," ya ce a hankali. "Duk gaɓar da na nufa sai ta ja baya."

"Taho mu tafi gida."

"Ba ni da wurin kwanciya a gida. Kin hana."

Sai a lokacin na lura ba shi kaɗai ba ne. A bayansa mutane ne zaune a jere, maza da mata, kowa ya sunkuyar da kai. Wata na rungume da tukunya.

Na zura ƙafa ɗaya waje. Ban yi tunanin Siwema ba, kuma har gobe ina jin kunyar haka.

Suka matsa. Dukansu a tare, ba wanda ya ɗago. Suka buɗe wuri daidai zaman mutum ɗaya.

"Kar ki shigo," in ji Bukuru. "Ki sare mini ayabata."

Matar mai tukunya ta kama ƙafata.

Sanyin ya hau har ƙirjina.

Ta ja.

Bukuru ya saki igiyar, ya sa filafili ya doke hannunta. Wani ya fizgo zanina ta baya, na faɗi a kan ƙarfen jirgi. Ƙaho ya busa. Ihun mutane ya dawo gaba ɗaya.

Bibi Nyamizi ce, tana haki. Ta janyo igiyar, ta duba bakinta mai laka, ta dube ni.

"Me ya ce miki?"

Na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kwance mayafinta ta naɗe mini ƙafar.

Da na koma gida ban bari yayyensa sun auna ba. Na rungumi kututturen, na sa alama inda goshina ke kaiwa, don nan haɓarsa take, na ƙara tsawon kai. Da aka sare aka yi masa sutura, Siwema ce ta fara zuba ƙasa.

Ƙafar nan ba ta sake ɗumi ba, ko a bakin murhu.

Bara na raka Bibi da kaya. A wuri guda, a lokaci guda, kwale-kwalen ya wuce shiru. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu, na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido. Wani ne ke tuƙi. Bukuru ba ya ciki.

Ya samu wurin kwanciya, ni na ba shi. Amma ban taɓa kuka irin na ranar ba, don yanzu ko a tafki ba ni da shi.

Wurin da suka matsa mini kuwa yana nan, ba wanda ya zauna.