Igiyar Bahaguwa

"Baiwar Allah... a ina kika samo wannan?"

Baturiyar ta yi murmushi ta miƙo min hannu, tana nuna guntuwar igiyar ciyawar da ta ɗaura kamar awarwaro. Na ƙura wa igiyar ido.

Igiyata ce!

Ko ido rufe na shafa ta zan gane. Ni bahaguwa ce, murɗina ya saɓa da na kowace mace a ƙauyenmu. Duk shekara idan za a yanke tsohuwar gadarmu ta ciyawa a saƙa sabuwa, kowane gida kan kawo igiya gaba arba'in. Tawa ba ta shiga manyan igiyoyin da ake takawa, don murɗin hagu ba ya kama na dama. Ita ake warewa a yi ɗaurin gefe, wanda masaƙi ke jingina da shi yana reto a saman kwazazzabo.

Masaƙin bana kuwa Fermin ne. Fermin ɗina, saurayina.

Baturiyar ta nuna min rumfar Griselda. Na watsar da hulunan da nake sayar wa 'yan yawon buɗe ido, na keta taron.

Griselda maƙwabciyarmu ce, ita Baba Anselmo, sarkin gada, yake so ɗansa Fermin ya aura. Ni a wurinsa 'yar tallan birni ce, wai hannuna ya manta ciyawa. Shekaranjiya ita ta zo har gida da daɗin bakinta, "Kawo in kai miki igiyar, Nelida, ke da baƙi suka yi wa yawa." Ni kuma sakarya na ɗauka na ba ta.

Ga igiyar nan a kan tabarmarta, an yanka ta gunduwa-gunduwa ana sayar wa baƙi.

"Griselda! Me kika kai wa maza da sunan gidanmu?"

"Ke, sakar min riga, mutane na kallo..."

"Su kalla! Me kika kai?"

Ta sunkuyar da kai. "Ragowar tamu ta bara ce... wadda ke rataye a garken tumakinmu."

"Wadda damina ta ƙare a kanta?"

"Na ɗauka za su duba su ga ta ruɓe, Baba Anselmo ya tsine miki a gaban jama'a, shi ke nan! Wallahi ban san za su ɗaura ba. Da na ga sun ɗaura tsoro ya hana ni magana..."

Ban tsaya jin sauran ba. Na ruga bakin dutse na leƙa.

Wayyo Allah!

Can ƙasa, Fermin ya yi nisa, yana zaune a kan manyan igiyoyin kamar mai hawan jaki, ƙafafunsa na lilo. A ƙarƙashinsa babu komai sai iska da kogin da ke ruri. Yana ɗaurawa, yana jingina, yana matsawa gaba.

Na ƙwalla kiran sunansa. Ganguna da sarewa suka haɗiye muryata.

Na nufi matakalar dutsen da ke sauka zuwa bakin gada, Innata ta cafke min hannu.

"Ina za ki? Kin haukace ne?"

"Inna, igiyar ruɓaɓɓiya ce!"

"Mace ba ta sauka sai an gama, kin sani! Duk abin da ya faru ke za a ɗora wa. Ki aika namiji mana!"

Na waiga. Wane namijin? Mazanmu duk suna ƙasa. Sama sai mata da baƙin da ba sa jin yarenmu, suna ta ɗaukar hoto.

"Idan kika taka wurin nan kin rasa shi har abada, Nelida."

"Gara in rasa shi yana numfashi, Inna."

Na fizge hannuna.

Ban san yadda na sauka ba. Takalmina ɗaya ya fice, duwatsu na yanka min tafin ƙafa, numfashina na sarƙewa. Ina jin maza sun fara ihu.

"Mace! Mace ta sauko!"

"Ku tare ta!"

"Fermin!" Na kira da iyakar ƙarfina. "Masoyina, kada ka jingina! Kada ka taɓa gefe!"

Jin muryata ya sa ya waigo. Garin waigowar ya saki nauyinsa a kan ɗaurin.

Tas! Tas! Tas!

Uku suka tsinke a jere.

Na ga hularsa ta tafi, tana juyawa, tana ƙanƙancewa, har ruwa ya haɗiye ta. Shi kuwa ya kifa, kansa ƙasa, ƙafafunsa kaɗai ke maƙale da babbar igiya.

Ganguna suka tsaya cak. Ni dai na durƙushe, bakina na motsi, addu'ar ma ta ƙi fita.

"Kada ka dubi ruwa, ɗana," in ji Baba Anselmo. "Hannun dama... kama ta tsakiya. A hankali."

Hannunsa ya miƙa, ya kuskure. Ya sake miƙawa.

Ya kama!

Da jan ciki ya dawo, taku bayan taku, har maza suka janyo shi kan dutse. Sai a lokacin kukan ya zo min.

"Kun gani ko?" wani ya daka tsawa. "Tana saukowa igiya ta tsinke! Kuma ta gidansu ce!"

Fermin ya taso yana layi, ya tsaya a gabana. "Duk wanda zai taɓa ta, ya fara da ni."

"Matsa," in ji mahaifinsa.

Tsohon ya tsinko guntun ɗaurin, ya murza shi a tafin hannu. Ya zama gari. Ya sake ɗauko wani ya ƙura wa murɗin ido, ya daɗe. Sannan ya dube ni.

"Da wane hannu kike murɗi, yarinya?"

Na ɗaga hagu.

"Wannan murɗin dama ne." Ya juya ga mazan. "Ba tata ba ce. Ni ne ban duba ba, don na ƙi jinin taɓa abin da ya fito daga hannunta."

Bai tambaye ni mai laifin ba, ni ma ban faɗa ba. Kukan Griselda da ake jiyowa daga sama ya isa.

Ranar har yamma ina murɗa sabuwa, mata na miƙo min jiƙaƙƙiyar ciyawa, tafina na zubar da jini ban damu ba.

Washegari aka buɗe gada. Ina ɓoye a bayan Inna sai ga Baba Anselmo da hularsa a hannu. Ya miƙa mata ganyen koka, wanda muke taunawa kamar goro, da hannu biyu, yadda ake neman aure. Inna ta karɓa tana hawaye.

"Shekara arba'in ina hana mata sauka," ya ce da ni. "Da kin bi dokata jiya, 'yata, ko gawar da zan binne ba zan samu ba."

Fermin ya riƙo yatsuna ya ja ni bakin gadar. Na leƙa ƙasa, jiri ya kwashe ni.

"Fermin, tsoro nake ji... ban taɓa hayewa ba."

"Ke da kika sauko da ƙafa ɗaya ba takalmi?" Ya yi dariya, idonsa jawur. Ya ɗora hannuna a kan ɗaurin gefe. "Riƙe nan, zuciyata. Taki ce."

Na riƙe, na taka.