Ranar da Tahani Ta Yi Hausa

Kwana uku ke nan Mubina ta kasa zama wuri ɗaya. Ta leƙa taga, ta dawo, ta sake leƙawa… Ga makarantar da dattawan Hausawan unguwar Hindawiyya, nan ƙasar Larabawa, suka buɗe don ƙananan yara su koyi harshen iyayensu, ita kuwa malamar an hana ta taka ƙofar. Marainiya ce, ba uwa ba uba, makarantar nan ce gatanta. Wai ita ta zane bayan ɗalibarta Tahani, 'yar shekara biyar, da wayar caja! Jawahir, gwaggon yarinyar mai riƙonta, ita ta kai ƙara don 'yarta Dalal ta samu gurbin malamar, ta bi gida-gida tana yaɗawa, har mai burodi ya daina amsa sallamar Mubina.

"Ya Allah, Kai ne shaidata," take faɗi, hawaye na jiƙa mayafinta.

Ran Alhamis bayan la'asar dattawa suka zauna sauraron ƙarar. Aka kawo Tahani tare da kakarta, Hajiya Adama, wadda ta zo daga Sakkwato, ba ta jin Larabci. Jawahir ta saba dukan yarinyar a gida tana gargaɗinta da Larabci, hankalinta kwance: tsohuwa ba ta ji, jika kuma ai ba ta iya Hausa ba.

Malam Maharazu, shugaban makarantar, ya ce, "Mubina, kina da abin faɗi?"

"Baba, wallahi ban taɓa…" Kuka ya ci ƙarfinta.

"Kukan munafurci!" in ji Jawahir. "Yalla, maza a sallame ta!"

Sai Tahani ta zame daga hannun gwaggonta. Ta durƙusa gaban tsohuwa, yadda Mubina ta koya musu kowace safiya, a gaida babba sannan a faɗa masa damuwa.

"Ina wuni, Kaka… Gwaggo ta doke ni. Ta ce in na faɗa za ta ƙara. Malama ba ta duka."

Innalillahi! Hajiya Adama ta rungume ta. "Jikata… yau na fara jin muryarki da harshena, kuma da wannan labari!"

 Nan take aka karɓe riƙon yarinyar daga hannun Jawahir, ta fita tana rufe fuska, ba wanda ya raka ta.

Malam Maharazu ya miƙa wa Mubina mabuɗin makarantar, idonsa ya cika. "Ki yafe mana, 'yata. Abin da kika shuka ne ya tsaya miki."

Tahani ta ja gefen mayafinta. "Malama, na faɗa daidai?"