Daga Akwatin Renske Suka Fita

Ranar da Hidde ya fara shiga ofishin gidan kifin Bouma a garin Harlingen, Renske ta fito ke nan daga wurin bandar kifi, rigarta duk hayaƙi. Ubanta Sietse ne ya kira shi ya shirya musu imel, don su riƙa tallar kifi ga gidajen abincin da ba su san su ba.

"Kai ne mai kwamfutar? Na zaci tsoho ne," in ji ta.

"Ke ce mai kifin? Tun daga ƙofa hancina ya gaya min."

Ta harare shi, amma ta kawo masa gahawa.

Aiki ya yi a tsanake. Ya ɗaura wa sunan gidan hatimin da zai nuna saƙo nasu ne, ba na ɗan damfara ba. Sannan ya buɗe wani adireshi daban don talla. Ya ja musu kunne, tsohon adireshin na masu sayen da aka saba da su ne, kada a aika wa baƙo komai da shi. Sabon ma kaɗan-kaɗan za a riƙa aikawa har a yarda da shi.

Renske ta laƙaba masa Sarkin A-hankali. Da yamma saƙonsa kan shigo: "Mai Hayaƙina, rigata ƙanshinki take. Ba zan wanke ba."

Ta amsa: "Ƙazami. Gobe ka zo da wuri."

Sietse bai so abin ba. Maarten yake so mata, ɗan amininsa, mai yi wa gidan talla, sarkin baki da gaggawa.

Wata Litinin aka wayi gari saƙon gidan Bouma ba ya isa ko'ina, komai sai akwatin sharar imel na masu saye. Dubban saƙonnin talla sun fita daga tsohon adireshi a ƙarshen mako, sunan gidan ya shiga sahun 'yan damfara. Masu saye na shekara da shekaru suka ji shiru, suka fara neman kifi a wani wuri.

"Sunan da ubana ya bar min ka zubar," Sietse ya ce wa Hidde. "Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan, ko kusa da 'yata."

Hidde ya ɗauki jakarsa ya fita. Gari kuwa ya samu abin taunawa. Mutanen da ko kunna kwamfuta ba su iya ba, su ne a layin sayen burodi suna yanke masa hukunci. Aiki ya ɗauke masa ƙaf.

Renske ta kasa haƙuri, ta rubuta masa: "In kai ne, ka gaya min. Shirun nan ya fi min ciwo."

Amsa ta zo: "Ba ni ba ne. Daga akwatinki na tsohon adireshin suka fita, Mai Hayaƙina. Ban tambaye ki ba, kuma Baba ba zai ji daga bakina ba."

Nan take ta tuna. Ranar Juma'a Maarten ya roƙe ta kalmar sirrinta, wai zai duba odar wani. Ita ta ba shi da hannunta.

Ta sami uban yana jera kifi a sanda.

"Baba, ni na ba Maarten mabuɗin akwatina. Hidde ya sani, ya bari ka kore shi don kada ka zage ni."

Sietse ya ajiye sandar. Ya kira Maarten, wanda ya amsa ba ko kunya cewa shi ya aika saƙonnin, wai jira na malalata ne. Ranar Maarten ya bar aiki a gidan. Sai tsohon ya naɗe kifi mafi kyau a takarda, ya hau keke zuwa ɗakin Hidde.

"Ban iya ban-haƙuri ba, yaro. Ga kifi."

"Na karɓa, Baba. Amma gyaran zai ɗauki lokaci."

"Renske ma ta ce haka kake. Komai a hankali."

Kaɗan-kaɗan suka gyara, Renske na kiran masu saye ɗaya bayan ɗaya su ciro saƙon daga shara su amsa. Wasu ba su dawo ba har yau.

Da bazara aka ɗaura auren Renske da Hidde a zauren gari, Sietse da kansa ya riƙo hannunta ya miƙa. Masu layin burodi sun zo, sun ci kifi har da guzuri, amma ba wanda ya buɗe baki ya ce wa Hidde yi haƙuri. Ana nan ana jiransu.

Su kuwa biyun, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai riƙe amana.