Bututu Ɗaya, Waya Uku

Magariba ta kawo jiki, Mama na kwashe shanya, sai ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Ta leƙa, babu kowa. Kafin ta juyo, talabijin ta kunna kanta, wata murya na gunaguni a ciki, tsakuwa kuma ta fara zubowa daga silin.

Maigidan mai aikin wayar wuta ne, shekara ashirin yana wannan sana'a. Sati biyu kafin nan ya ga wani tsohon bututu a bangon falo, babu komai a ciki. Don ya huta da fasa bango, ya cusa wayar wuta da ta talabijin da ta ƙararrawa duka a cikinsa, ya shafe da siminti, ya yi fenti. Ya san ba a haɗa su. A gidan wani da bai yi ba.

Kwana shida yana fama. Ya canja soket, ya canja fis, ya sayo sabuwar ƙararrawa. Kullum rana ta faɗi, abin ya dawo.

"Kai da kake gyara gidajen mutane, naka ya gagare ka?" in ji Mama.

"Don Allah ki bar ni in ji da abu ɗaya."

A rana ta bakwai suka tarar da 'yarsu Auta zaune a ƙasa, kunnenta manne da bango, idanunta a kafe. Aka kira ta, shiru. Nan Mama ta yafa mayafi ta je ta ɗauko Malam, dattijon da ke yi wa mutanen unguwa ruƙiyya.

Malam ya zauna ya daɗe yana karatu. Can bakin Auta ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito, a gajiye.

"Ya isa, Malam. Ba faɗa ya kawo ni ba, ƙara na kawo."

"Me aka yi maka?"

"Bututun nan hanyata ce tun kafin su sayi gidan. Yanzu zafi, ga ƙugin wayoyi dare da rana. Iyalina sun kasa zama. Na buga ƙararrawa, na yi jifa, mutumin nan sai canja soket yake."

Maigidan ya harzuƙa. "Fentin fa sabo ne! A ce in fasa bangon?"

"Ni ban koyi aikin wuta ba," in ji muryar, "amma na san aikin ha'inci."

Malam ya ɗaga hannu. "Yarinyar ba ta yi maka komai ba. Ka sake ta yanzu."

"A raba wayoyin, kowace da hanyarta, a bar mini tawa. Kwana uku na bayar."

"Gobe ma za a yi. Fita."

Auta ta yi atishawa, ta sulale a jikin Mama.

Da safe maigidan ya ɗauki guduma, yana sara yana tsaki. Da bututun ya bayyana, tsakin ya tsaya. Robar wayoyin ta narke, sun manne da juna baƙi ƙirin, jan ƙarfen a waje. A bayan wannan bangon gadon Auta yake.

Ta fito tana murza ido, ba ta tuna komai ba. Ta duba ramin, ta toshe hanci.

"Baba, wane mugu ne ya yi mana wannan aikin?"

Ya daɗe yana kallon gudumar da ke hannunsa.

"Ni ne," ya ce.