Ƙofofin Jabal Auliya

"Abdulmajid ka juya da jirgin nan! Na ce ka juya!"

Mayada ta ƙanƙame gefen jirgin, mayafinta ya jiƙe sharkaf.

Dariya ya yi.

"Haba 'yar Baffa, tsoron me? Ba masuncinki kike son gani ba?"

Da ƙarya ya shigo da ita. Yawon Juma'a ne ya kawo dangi daga Omdurman cin kifi a madatsar ruwa ta Jabal Auliya. Abdulmajid, ɗan wan mahaifinta, ya daɗe yana sonta. Shi ya raɗa mata wai Jibirin yana tsallaken kogi tare da wata mai sayar da shayi.

Jibirin... saurayin da ta ba wa zuciyarta, wanda mahaifinta Alhaji Dabo ya kora daga ƙofar gida.

"Ɗan unguwar Mayo mai ƙarnin kifi? Ba a zuri'ata ba!"

Kishi ya rufe mata ido, ta bi Abdulmajid. Ko rigar hana nutsewa da mai hayar jirgin ya miƙo musu, turewa ya yi, wai za ta ɓata masa jallabiya.

Yanzu ga shi ya wuce alamar gargaɗi, ya nufi gindin ƙofofin madatsar, inda ruwa ke faɗowa da ruri, don kawai ya burge ta.

Sai injin ya yi tari... ya mutu.

Ya ja igiya. Ya sake ja. Shiru!

Maimakon kogin ya tafi da su gaba, sai ya dinga jan su baya, zuwa cikin farin kumfan da ke juyawa.

"Innalillahi... Iya! Iyaaa!"

"Mayada!"

Ko a mafarki ta san muryar.

Jibirin ne cikin kwalekwalensa, shi kaɗai da komarsa, yana tuƙi kamar zai karya filafili. Masunta na ta yi masa ihu ya dawo.

Ya gogo jikin jirginsu, ya fizgo ta cikin kwalekwalensa, ya cire rigar ruwan da ke jikinsa ya zura mata.

"Jibirin, ce min aka yi kana tare da wata..."

"Ni? Habibti, bayan ke wa nake gani?" Ya ɗaure mata igiyar rigar. "In mun kife, kada ki yi kokawa da ruwa. Ki kwanta rigingine."

"Ku taimake ni! Ban iya iyo ba!"

Abdulmajid ne, jirginsa ya fara shan ruwa.

"Kada ka je, rabin raina... don Allah!"

"Jininki ne, Mayada. Da wane ido zan kalli Alhaji?"

Ya tunkuɗa kwalekwalen da ita zuwa wajen masunta, ya faɗa ruwa. Ta ga ya kamo Abdulmajid, ya kai shi ga igiyar da aka jefo.

Aka ja Abdulmajid.

Kumfan ya juyo.

Hannu ɗaya ta gani ya ɗago... sannan babu.

Washegari aka tsinci gawar Jibirin cikin ciyayi, can wajen Kalakla.

A Mayo, a tsakar gidan da ko inuwar kirki babu, Alhaji Dabo ya durƙusa gaban Ni'mat, mahaifiyar Jibirin.

"Hajiya, ki yafe min. Da na san irin ɗan da kika haifa..."

"Da ransa ma haka yake, Alhaji. Ba ka tambaya ba ne."

Ya kasa ɗago kai.

Tsohuwar ta dubi Mayada da ke rakuɓe a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Ke ce Mayada?"

"Ni ce, Iya... ni na jawo..."

"Yi shiru. Matso nan kusa da ni, 'yata. Masu gaisuwa suna zuwa, kuma ba ni da kowa da zai taya ni amsawa."